Tarwaɗar Ramin Kuza

Kifi nake kyafawa, tarwaɗa, a tsakar gidanmu a unguwar Ali Kazaure cikin Jos. Rabin ganga uku gare ni, wani maƙeri ya yanka mini su tun ina iya ɗaga baho ni kaɗai in ɗora a kai. Ban taɓa zama a aji ba. Abin da na sani a gindin murhun mahaifiyata na koye shi, da hannu da ido da hanci, kuma ita ba ta faɗin magana sau biyu. Ni ma haka na fito. 'Ya'yana suna cewa na cika faɗa. To, sun girma lafiya, kowa yana gidansa, su yi ta faɗi.

Aikin ba shi da wani asiri. Tarwaɗa da ranta take zuwa. In juye ta a babban baho, in watsa mata gishiri, in kife da faranti in danne da dutse, don in ba haka ba sai a tsinto mini ita a ƙofar ɗaki. Halitta ce mai taurin rai, sai ta yi ta dukan bahon kamar ana kiɗa. In ta lafa, in wanke yauƙin da toka da lemun tsami, in farka cikin, in cire matsarmama a hankali, don in ta fashe kifin ya yi ɗacin da ba mai gyara shi. Sannan in lanƙwaso wutsiya zuwa baki in soke da tsinke, in jera a kan raga. Wuta kaɗan, hayaƙi da yawa. Sauran aikin zama ne da juyawa, kuma zaman nan nake so. A garin nan da ruwan randa yake yanka hannu da safe, mai gangar hayaƙi ba ta rasa ɗumi. Ina kan kujerata, ƙafafuna kusa da toka, rediyo yana ta maganarsa, kifi yana ɗigar da mai a kan garwashi. Ban san abin da zan roƙa ya wuce wannan ba, in ba cikawa da imani ba.

Ina da dokokina. Ba na hura wuta da leda. Katako mai fenti ba ya shiga gangata ko da kyauta aka kawo shi. Maganin ƙwarin da wasu suke barbaɗa wa busasshen kifi don kada tsutsa ta shiga, hannuna bai san shi ba. Ƙuda da mafici nake korarsa, in kifi ya kwana biyu in sake nuna masa wuta. Shi ya sa nake da gidajen da suka yi shekaru suna aiko da kwano, na mai jego da na mara lafiya, ba sa tambayata komai. Na ɗauka wannan ya isa. Na ɗauka in dai abu ya shigo tsakar gidana, idona da hancina ba za su bar shi ya wuce ba.

Mai kawo mini kifin wata mata ce daga bayan gari, Kirista, 'yar asalin duwatsun nan. Ngo nake ce mata, yadda mutanensu suke kiran babbar mace. A Taminus muka san juna, tun babbar kasuwa tana tsaye, kafin wuta ta cinye ta. Gidansu yana bakin wani ramin kuza, irin ramukan nan da masu haƙa suka bari tun zamanin Turawa, ruwan sama ya cika su suka zama tafkuna. Mijinta ne ya fara zuba 'ya'yan kifi a ciki. Da ya mutu ta ci gaba, tana sa maza biyu suna jefa mata raga. Talata da Juma'a take zuwa da manyan jarkoki masu yankakken baki a bayan keke. Lokutan da gari ya rikice, ita ba ta iya shigowa unguwarmu, ni ba na iya shiga tasu, sai mu haɗu a bakin titi a tsakiya, ta sauke mini jarka, in miƙa mata ƙullin daddawa, mu tambayi lafiyar yara, kowa ya juya da sauri. Sama da shekara ashirin muna haka. Ƙanwata da muka fito ciki ɗaya ba ta san ciwon gwiwata kamar yadda Ngo ta san shi ba.

Hausarta ta kasuwa ce, kowa "ka" ne a bakinta, mace ko namiji, na daina gyara mata tun tuni. Ni kuwa Duba-gari take kirana, saboda kowane kifi sai na ɗaga kunnensa na duba jan da ke ciki, na danna cikinsa, na sansana.

"Duba-gari, ka tambaye shi sunan babansa mana," sai ta ce.

"Zan tambaya. Ke dai zauna ki sha kokonki."

Abin ya faru ne a farkon watan Kirsimeti, shekarar da aka yi wani sanyi mai shiga ƙashi. Ranar wata Talata Ngo ta zo da jarka huɗu maimakon biyu, bakinta har kunne. Ta ce kifi ya yi albarka, da sassafe shi da kansa yake tasowa saman ruwa, har da kwando ake kwasa, ba sai an jefa raga ba. Manya ne kuwa, masu ƙiba. Na juye su a baho na watsa gishiri, na ɗauko dutsen da nake danne faranti. Sai na ga babu buƙata. Suka ɗan motsa wutsiya, suka buɗe baki suka rufe, shi ke nan.

Na ce, "Ngo, waɗannan ba su da faɗa."

"Sanyi ne. Ni ma yau da ƙyar na tashi. In aka zuba mini gishiri ba zan motsa ba."

Na yi dariya, na yarda. Wanda bai zauna a Jos ba ba zai gane yadda muka yarda da sanyi ba. Yaro ya yi tari, sanyi ne. Mota ta ƙi tashi, sanyi ne. Kaza ta daina ƙwai, tsoho ya yi fushi, kunu ya ƙi tsami, duk sanyi. Kuma gaskiya ne tarwaɗa tana yin nauyin jiki a wannan wata, na sha gani. Na ɗaga kunnuwansu, jan ya ɗan koɗe, bai yi jawur yadda na saba ba. Na sansana, ƙarnin kifi ne kawai da laka. Na ce a raina ai sanyin ne. Na kyafe su duka, suka yi kyau, na raba wa gidajena.

Ranar Juma'a ta sake kawo huɗu. Wannan karon biyu sun riga sun mutu a hanya, abin da ba a saba ba, don tarwaɗa tana iya wuni a busasshen buhu ba ta mutu ba. Na ware matattun na yar, na gyara sauran. Kayan cikin kuwa na zuba wa agwagina kamar kullum, suka yi ta wawaso. Ngo ta sha koko ta tafi.

Kafin azahar na ga toron agwagwar yana tafiya kamar mashayi. Ya faɗi, ya tashi, ya sake faɗi, yawu yana zuba a bakinsa, wuyansa ya murɗe baya. Macen da ta fi su haɗama tana kwance a gindin rijiya tana karkarwa. Na tsaya ina kallonsu, wuƙa a hannuna. Ba abin da suka ci tun safe sai dusa da cikin kifin nan.

Daidai lokacin maigidana ya shigo daga shagonsa, tela ne, zai yi alwalar Juma'a. Yana da wata ɗabi'a, in ya wuce ganga sai ya ɓalle kan kifi ɗaya ya jefa a baki, ya yi kamar ban gani ba. Ya miƙa hannu. Na buga masa ludayi a yatsu.

"Kai! Ke lafiya? Shekara arba'in ina cin kan nan."

"Yau ba za ka ci ba, Malam. Dubi agwagin can."

Ya duba. Ya ce, "Ko sanyi ne ya kama su?"

"In ka sake ce mini sanyi, da kai da gangar zan kife."

Kafin la'asar biyun sun mutu. Na sauke ragar duka uku. Malam ya haƙa mini rami mai zurfi a bayan gida, muka zuba kifin da agwagin, muka rufe muka ɗora duwatsu don kada kare ya tono. Sannan na yafa mayafi na bi gidajen da na raba wa na Talata ɗaya bayan ɗaya. Wannan tafiyar ba ta yi mini daɗi ba. A mafi yawa aka ce lafiya lau, har suna yaba kifin. A gida ɗaya matar ta ce ran Laraba yaranta biyu sun yi amai da ciwon ciki, amma sun ware, ai sanyi ne ya bugi cikinsu. Na ce ta ɗauko mini abin da ya rage. Ta ɗauko tana kallona kamar na zautu. Na tattara duka a buhu na kai ramin.

Na san kifin ba daga hannuna ya lalace ba. Daga ruwa ya zo da abinsa. Kuma na san in na faɗi haka, ruwan mijin Ngo na zaga, wanda take ci da shi, take alfahari da shi. Ina iya yin shiru in ce mata ciniki ya yi sanyi, in riƙa saye a wani wuri. Amma jikokinta a wannan tafkin suke ci kullum.

Ran Asabar na hau keke zuwa Taminus, na shiga bas zuwa wajen Ngo. Na daɗe ban je ba, ya kai shekara biyar. Wurin da na sani ciyawa ce da jan tudun ƙasar da masu haƙa suka tara, tafkin yana tsakiya, kore, shiru. Yanzu lambuna ne kewaye da shi har bakin ruwa: kabeji, karas, koren wake, tumatir, injinan ban-ruwa suna ta ƙara. Gwanin kyau, ba zan ɓoye ba.

Ngo ta yi ihu da ta gan ni. Ta shimfiɗa mini tabarma, ta sa surukarta ta ɗora gwate. Na bari na sha ruwa, sannan na gaya mata abin da ya faru, tun daga toron har yaran da suka yi amai. Fuskarta ta canja.

"Agwagwa? Agwagwa da yake cin har ƙusa? Don agwagwa ya mutu ka hau mota?"

"Ba ƙusa suka ci ba. Kifinki suka ci."

"Mu ma jiya shi muka ci. Ga ni."

"Ga ki. Ni dai zan zauna a bakin ruwan nan in gani."

Na sami wani dutse na zauna. Ta bar ni, ta ce in na gama duba garin in zo in ci abinci. Na wuni a nan. Na ga mata suna wanke karas a gefe guda. Na ga kifi yana tasowa yana haki a saman ruwa da tsakar rana, wanda ba halinsa ba ne. A cikin ciyawar bakin ruwa na ga ƙananan kifaye da suka mutu suka juye, cikinsu fari a sama, babu tsuntsun da ya kula su. Ban ga abin da ya kawo haka ba sai da rana ta karkata.

Babban ɗan Ngo ya fito daga cikin kabeji. Magidanci ne, da 'ya'yansa huɗu, a gabana ya girma, ni na ba shi hular da ya sa ranar aurensa. Tankin feshi ne a bayansa, irin wanda ake goyawa ana fesa wa ganye maganin ƙwari. Ya sauko bakin ruwa, ya sauke tankin, ya tuttule ragowar da ke ciki a tafkin, fari kamar madara. Ya ɗebi ruwa ya jijjiga ya zubar, ya sake, ya sake. Ya ɗauraye kwalbar maganin ya cilla ta cikin ciyawa. Ma'aikatansa biyu suka biyo shi da nasu tankunan suka yi haka. Can ɗaya gefen na hango wani manomin ma yana yi. Iska ta kawo mini warin, wani wari mai kama maƙogwaro.

Na tashi, ban san lokacin da na isa gabansa ba.

"Kai! Me kake zubawa a ruwan nan?"

"A'a, Mama, sannu da zuwa. Wanki ne kawai. In ban wanke ba bakin tankin yana toshewa."

"A ruwan da uwarka take kamun kifi?"

"Mama, ramin nan ko doguwar bishiya aka jefa ba za a ga kanta ba. Ɗan wannan me zai yi masa?"

"Tun yaushe kuke yi?"

Ya sosa kai. Ya ce tun da aka fara noman rani, kullum da yamma, su da sauran masu lambu. Bana tsutsa ta yi yawa, sun ƙara feshi.

A nan na yi abin da na yi. Da na ja shi gefe, ko na koma ɗaki na gaya wa uwarsa. Ban yi ba. A gaban ma'aikatansa, da matarsa da ta fito kiran mu cin abinci, da matan da ke wankin karas, na ɗaga murya na ce masa guba yake ɗura wa uwarsa ta kai wa mutane, ya kusa sa ni kashe 'ya'yan maƙwabta, babba da shi ba shi da hankalin ɗan akuya. Na faɗi wasu ma da ba zan maimaita ba. Ya sunkuyar da kai.

Ngo ce ta amsa. Ban ji isowarta ba.

"A gidana? A gaban matarsa? Wannan yaron shi yake riƙe da gidan nan tun da babansa ya mutu. Ka zo ka zage shi kamar ɓarawo a kasuwa?"

"Gaskiya na faɗa."

"Ka riƙe gaskiyarka. Shekara ashirin kifina bai kashe kowa ba."

"Kada ki sake kawo mini na ruwan nan. Kuma kada ku ci."

"Ba zan kawo ba."

Ban ci gwaten ba. Ba wanda ya raka ni titi.

Talata ta zo, ba ta zo ba. Juma'a ma haka. Na sami wani mai kiwon kifi a tankin siminti cikin gari, na je na ga ruwansa da idona, na ga rijiyar da yake ja, na fara saye a wurinsa. Aiki bai tsaya ba. Kifinsa lafiyayye ne, amma shi mutum ne da ba ya magana, ya auna ya zuba ya juya. Kirsimeti ta zo. Duk shekara a ranar Ngo takan aiko da shinkafa da kazar da ta sa mahauci Musulmi ya yanka saboda mu, ni kuma in aika mata da cinyar rago ran Babbar Sallah. Ranar na share tsakar gida da wuri, na ce wa kaina shara ce kawai. Har magariba ba wanda ya yi sallama.

Malam yana shan shayi ya ce, ba tare da ya kalle ni ba, "A kan ruwan kin yi daidai."

"Na sani."

"A kan wurin da kika faɗa ne."

"Wa ya tambaye ka?"

"Ba kowa. Ni da kofi nake magana."

Na yi kwanaki ina jin haushinsa, don na san bai yi ƙarya ba. Ni dai ba zan ba da haƙuri a kan kifi ba, ko yau aka maimaita sai na binne shi. Amma ɗan mutane da na tsiraita a gaban matarsa, wannan nawa ne. Abin da ya fi damuna kuma, ban sani ba ko saboda fushi da ni suna can suna ci gaba da ci, don su nuna mini ba komai.

Bayan sabuwar shekara da mako biyu na zaɓi manya shida daga ganga, na naɗe a takarda, na sake hawa bas.

Na same ta a ƙofar ɗaki tana tsince acca. Ta ɗago ta kalle ni, ta ci gaba da tsinta. Na yi sallama, ta amsa a taƙaice. Ba tabarma. Na jawo turmi na kifa na zauna.

"Na kawo wa yara kifi. Ba na ruwan nan ba ne."

"Ajiye."

Kaji suna ta zagaya mu. Can na ce, "Ngo, bakina ya yi zafi a gaban surukarki."

"Ya yi."

"Bai kamata ba."

"Bai kamata ba." Ta hure ƙaiƙayi daga faifai. "Ka gama? Tashi ka ga wani abu."

Ta tura ƙofar ɗakinta. A bayan gado ga ragar kamun kifi duka biyu a naɗe, da kwandunan. Ta ce tun daren da na tafi ta kwashe su ta kulle, ta ce duk wanda ya taɓa kifin tafkin a gidan nan ita da shi ne. Ta yi fushi da ni, in ji ta, har ta kasa cin abinci, amma warin nan ita ma ta ji shi a maƙogwaronta.

"To me ya hana ki aiko mini?"

"Ina jira ka zo da ƙafarka. Ni aka zaga a gidana, ni zan hau mota?"

Ta ce akwai wani malamin gona a cocinsu, ta kawo shi ya duba. Ya tara masu lambun ya gaya musu abin da yake kashe tsutsa a ganye shi yake sa kifi tasowa yana haki, kuma yana taruwa a cikinsa da kitsensa. Ya ce gishiri ba ya fitar da shi, hayaƙi ba ya fitar da shi, tafasa ma ba a dogara da ita. Ya sa sun haƙa ramin wanki can nesa a kan tudu, inda ruwan ba zai gangaro ba, kwalaben kuma a daina jefarwa a ciyawa. Wasu sun bi, wasu sai da ta fito musu da sanda. Sannan ya faɗi abin da ya fi yi mata ciwo. Ya ce ko an daina wankin, ramin kuza ramin kuza ne, ba wanda ya san abin da ke kwance a lakar ƙasansa tun zamanin haƙa sai an kai an gwada, ita kuwa tarwaɗa a laka take kwana. Irin wannan, in ji shi, ba ya sa kifi ya yi laushi ko wari, a hankali yake taruwa a jikin mai ci.

Wannan ta tsaya mini a rai. Shekara ashirin ina ɗaga kunnen kifi ina sansanawa, ina jin ba abin da zai wuce ni. Na tambaye ta ko ya ce na baya da muka ci ya yi mana illa. Ta ce ya ce bai sani ba, ba zai yi musu ƙarya ba. Na ji daɗin mutumin ko da ban gan shi ba. Tun daga ranar, kafin in taɓa kifi sai na tambayi ruwan da ya fito, in kuma da hali in je in gani.

Ta ja ni bayan gida, sama da lambun, kusa da rijiyarsu. Ga ɗan nata da magini suna jera bulo, tankin kiwon kifi biyu sun kai gwiwa. Kabejinsa na farko ya sayar ya sayi siminti. Da ya gan ni ya ajiye cebur ya durƙusa.

"Mama, sannu da zuwa."

"Tashi. Na faɗa maka magana a inda bai dace ba. Ka yi haƙuri."

"Ba komai, Mama. Ai tun ina yaro kike yi mini."

Matarsa da ke miƙa musu ruwa ta rufe baki da gyale. Na zagaya tankin ina dubawa. Na ce bututun zubar da ruwan datti ina ya nufa. Ya nuna. Na ce ai wannan gindin rijiya zai koma. Maginin ya fara cewa, "Hajiya, ai oga ne ya ce," ɗan ya ɗaga masa hannu, ya tsuguna ya hanga, ya ce a juya shi gabas.

Ngo ta tafa hannu. "Kun gani? Duba-gari bai yi minti goma ba ya samo laifi."

Daga wannan tankin nake kyafawa yau shekara huɗu. Sai da muka jira wata biyar kafin na farko ya isa kamu. Tafkin yana nan, ana ban-ruwa da shi, ba a kamun kifi, aƙalla ba daga gidan Ngo ba.

Ranar da muka shirya ɗin dai sai da na ci gwate, da kifin da na kawo a ciki. Ta ce ya yi ƙanana, kuma gishiri ya yi yawa. Na ce ta dawo mini da shi. Ta ƙara cokali biyu. Da la'asar ta rako ni titi, muna tafiya a hankali, gwiwata da tata duk ba daɗi. A bakin lambu ta tsaya ta sa aka yanko manyan kabeji biyu, ta cusa mini a buhu.

Na riƙe bakin buhun. Na ce, "Yaushe aka yi musu feshi?"

Ta kalle ni daga sama har ƙasa. Sannan ta juya wajen tankin ta ƙwala wa ɗanta kira, ta tambaye shi da yarensu. Ya miƙe daga kan bulo, ya kewaye baki da hannu.

"Sati uku, Mama! Wallahi sati uku!"

"Ka ji," in ji Ngo. "Har da wallahi ya yi maka. Ɗauki kayanka, ga bas can yana zuwa."

Na ɗauka.